Sawun da Ya Bauɗe a Lambun Lemo

Ranar Laraba da safe Mai Lambu ya buɗe ƙofar lambunsa, ya ajiye butar ban-ruwa, ya kai ido ƙarshen layin dashe, inda yake fara dubawa kullum. Babu tukunya a wurin, sai zagayen danshin da gindinta ya bari a ƙasa. Ihun da ya kurma ya sa mai shayin bakin titi ya zuba wa wani madara a hannu maimakon kofi.

Abin da aka ɗauke lemo ne, amma ba irin na kowa ba. Shekarun baya wani reshe guda a jikin tsohuwar bishiyar da mahaifiyarsu ta shuka ya fito daban da 'yan uwansa: ganye mai ratsin fari, 'ya'ya masu zanen kore da rawaya kamar an bi su da fenti. Kafin tsohuwar bishiyar ta mutu, Mai Lambu ya yanko reshen ya aura shi a kan wani dashe, ya yi shekara huɗu yana lallaɓa shi a tukunya kamar jinjiri. Duk layin sun san cewa wani mai otal ya gani ya rikice, kuma ranar Alhamis zai aiko a ɗauka.

Kafin shayi ya huce, bakin lambu ya cika. Gwaggo, wadda take da gidan haya mai ɗaki shida a layin, ita ta fara ganin sawun a kan yashin bakin ƙofa.

"Ku zo ku gani! Ƙafar dama daban, ta hagu daban. Ku gaya mini, wa ke sa takalmi ƙafa daban-daban a layin nan?"

Baki ɗaya aka amsa, "Bauɗaɗɗe!"

Mai gyaran agogo suke nufi, wanda yake haya a ɗakin ƙarshe na gidan Gwaggo. Shekara tara yana layin, amma ba wanda ya damu da ainihin sunansa. Yana buɗe shago ranar da kowa ke hutu, ya rufe ranar ciniki. Yana gaida kyanwa kafin ya gaida mai ita. Takalminsa kuwa, na hagu baƙi ne mai kauri, na dama ruwan ƙasa.

"Yau zai bar mini gida," in ji Gwaggo. "Kafin rana ta faɗi kayansa na titi, shi kuma yana hannun 'yan sanda."

Daga bayan taron aka yi gyaran murya. Hedimasta ne, yayan Mai Lambu, wanda ya yi ritaya bayan shekara talatin da biyar yana koyarwa. Rigarsa ta sha guga, takalminsa na sheƙi, ya tsaya nesa da laka.

"Gwaggo, a yi hattara da kalma. Bauɗewa dai ita ce barin hanyar da aka saba. Wanda ya bauɗe, bauɗaɗɗe. Ba ta taɓa nufin sata ba. Ko a jarrabawa aka rubuta mini haka, sifiri zan bayar."

"Malam, ka riƙe makinka. Ni ɗakina nake so."

Mai Lambu ya share ido da bayan hannu ya ce, "Kada kowa ya taka ciki. Bari in kira Baba Sunkuyau."

"Ba sai an wahalar da tsoho ba," in ji Hedimasta da sauri. Amma ƙanen ya riga ya danna waya.

*

Sunan Sunkuyau ya samo asali ne daga yadda yake tafiya: kai a ƙasa, hannu a baya, kamar wanda ya yar da allura. Shekara talatin ya yi yana bin sawu a gandun daji, yau na masu harbin sata, gobe na ɗan giwar da ya rabu da uwarsa. Yanzu yana zaune wurin 'yarsa ma'aikaciyar jinya, wadda ta hana shi gishiri da sukari, amma ta kasa hana shi shiga abin da ba a sa shi ba.

Ya iso da 'yar sandarsa, ya gaida kowa ba tare da ya ɗago kai ba.

"Gwaggo, sannu. Gwiwar hagun nan har yanzu?"

"Wa ya gaya maka?"

"Yashi."

Ya shiga lambun shi kaɗai, yana bin gefen hanya. Hanya ce miƙaƙƙiya mai yashi, taku kamar talatin daga ƙofa zuwa inda tukunyar take, dashe jere hagu da dama. Mai Lambu yakan bi ta da manjagara kowace yamma kafin ya rufe, don haka sawun ya fito raɗau, layi biyu: na shiga mai sauƙi, na fita mai nutsewa saboda nauyin tukunya. Raɓa ta riga ta sauka kafin a taka, wato gab da wayewar gari aka shigo. Kwaɗon ƙofa ba a fasa shi ba, amma wannan bai ce komai ba, tunda rabin layin sun san mabuɗin yana ƙarƙashin bulon da ke gefe.

A tsakiyar hanya Sunkuyau ya tsaya. Ya tsugunna, ya miƙe, ya ja baya, ya sake tsugunnawa. Mutanen bakin ƙofa suka yi ta miƙa wuya.

"Baba, ka ga wani abu?" in ji Mai Lambu.

"Na ga babu komai. Shi ne ya dame ni."

Ya fito ya ce a nuna masa shagon agogo.

*

Shagon bai fi tabarma biyu ba. Agogo sun kai arba'in a bango, kowanne da lokacinsa. Mai Agogo yana zaune da gilashi a ido ɗaya, yana tsinkar wani ɗan ƙarfe da hantsaki. A kan teburin, cikin kofin ruwa, ga ganyen lemo mai ratsin fari.

Gwaggo, wadda ta biyo baya ba a gayyace ta ba, ta tafa hannu. "Ga shaida nan a kofi!"

"Tsinta na yi a bakin shinge shekaranjiya," in ji Mai Agogo, ko kallonta bai yi ba. "Iska ta kaɗo shi. Ya yi kyau, bai kamata a taka ba."

Sunkuyau ya ciro ganyen ya juya shi. Gindinsa ya yi baƙi ya yi laushi, ba jiƙon safiya ɗaya ba ne. Ya mayar.

"Ɗan'uwa, me ya sa agogunanka ba su yarda da juna ba?"

"Na mutane ne, Baba. In na saita su duka suka buga tare, kunnena zai tafi."

"Me ya sa kake buɗewa ranar hutu?"

"Ranar ce ma'aikata suke da sukunin kawo gyara."

"Takalmin fa?"

Mai Agogo ya cire gilashin, ya dubi tsohon a karon farko. Ya miƙe ya tuɓe takalman ya tsaya a siminti. Kafaɗarsa ta hagu ta yi ƙasa.

"Ƙafar hagu ta fi guntu, haka aka haife ni. Wani mai gyaran takalmi ya ƙara mini tsayin wannan, ya yi daidai da ni, sai ya rasu. Na dama yakan ƙare in sake, na hagu ban sami wanda ya iya irinsa ba. Shekara tara, Baba, kai ne na farko da ka tambaya."

Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabi. "To ni ina zan sani?"

"Ɗakinki nake haya, Gwaggo. Taku biyar ne tsakaninmu."

Sunkuyau ya ɗauki baƙin takalmin ya duba ƙasansa, ya ajiye. Wanda ya shiga lambu, a dama sandal ya sa na babban mutum, a hagu kuma wani ƙaramin silifa wanda diddigensa ya zarce har ya taɓa yashi. Bai faɗi wannan ba. Abin da ya ce kawai, "Kada ki taɓa kayansa tukuna."

"Na ba ka zuwa yamma," in ji Gwaggo.

*

Na biyu a bakin mutane shi ne Direba, mai motar da ke kawo wa lambun taki. An ji shi sau biyu yana tambayar abin da mai otal zai bayar, kuma ga sawun tayarsa a bayan shinge. Sunkuyau ya same shi a gareji, rabin jikinsa a ƙarƙashin mota, sai ƙafafu a waje.

"Sannu da aiki. Jiya ka je lambu?"

"Na je da yamma, na sauke taki buhu goma. Daga nan wannan tsohuwar motar ta ce ba ta san zancen ba. Mutum huɗu muka turo ta nan. Duba, Baba, injinta ma yana kan benci."

Da gaske injin yana kan benci, a buɗe kamar an yi masa tiyata.

"An ce kana yawan tambayar lemon."

Direba ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai. "Ni komai ina tambaya. Jiya na tambayi wani nawa ya sayi haƙorinsa na roba. In tambaya sata ce, da tuni ina kurkuku."

Sunkuyau ya yi dariya. Ya dubi ƙafafun Direba, manya kamar faranti. Ko yatsu uku ba za su shiga wancan silifa ba.

"In tambaye ka abin sana'arku. In kana bin mota a baya, ka ga ta bauɗe a titi sumul, me za ka ce?"

"Ko direban ya yi gyangyaɗi, ko ya tsufa a hanyar. Akwai wani rami a hanyar kasuwa, an cike shi tun bara, amma wallahi har yau in na zo wurin sai hannuna ya murɗa sitiyari da kansa. Fasinja su yi ta salati."

Sunkuyau ya gyaɗa kai. Sai ya ce, "Allah ya ba tsohuwarka lafiya," ya juya da saurin da bai dace da shekarunsa ba.

*

A hanya ya ci karo da Hedimasta zaune a bencin mai shayi, kofi a gabansa ya huce bai taɓa ba.

"Malam Sunkuyau, zauna mana. Ya ake ciki? Ina fata ka gane cewa mutumin nan ba shi da laifi."

"Me ya sa kake da tabbas haka?"

Hedimasta ya gyara tabarau. "Nahawu ne kawai. Mutanenmu suna cakuɗa kalmomi. Akwai kaucewa, ita da dalili a gabanka: ka ga mota, ka kauce. Akwai karkata, wannan jingina ce gefe guda, kamar katanga. Akwai ɓata, wato ka rasa hanyar gaba ɗaya. Bauɗewa kuwa, ka san hanyar, kana kanta, sai ka fita daga layi. Daga nan aka ara ta ga hali, aka ce wane bauɗaɗɗe ne. Amma ba zagi ba ce a asalinta. Shi kansa lemon ai bauɗewa ya yi daga uwarsa, ga shi ya fi duk na lambun daraja."

"Ka yi bayani, Malam. Amma mu a daji ba haka muke amfani da ita ba."

"Yaya kuke yi?"

"Ba ma auna dabba da hanyar wata. Kura tana tafiya a karkace, wannan ba bauɗiya ba ce, tafiyarta ke nan. Sai ka san yadda ita wannan dabbar take tafiya kullum, ranar da ta saɓa, ranar ce ta bauɗe. Mai Agogo yau da jiya da bara duk ɗaya yake. A layin nan ban ga wanda ya kai shi tsayawa kan hanyarsa ba. In ina neman bauɗiya, wurin masu tafiya miƙe zan duba."

Hedimasta ya ɗauki kofin, ya kai baki, ya ajiye bai kurɓa ba. "Ma'ana ce mai kyau. Ban taɓa cin karo da ita a littafi ba."

"Ba mu da littafi a can. Ka zo lambu da yamma, don Allah. Ina son mai ilimi ya zama shaida."

*

Da ya koma lambun, ya tarar da Mai Lambu zaune a kan bokiti ya yi tagumi. Sunkuyau ya aike shi ƙarshen hanya ya ɗebo masa ƙasar inda tukunyar take, shi kuma ya tsaya yana kallo. Mai Lambu ya tafi miƙe, da ya kai tsakiya sai ya ɗan goce dama da taku ɗaya, ya koma layi. Da zai dawo ma haka.

"Me ka kauce wa a nan?"

"Ni? Ban kauce wa komai ba."

Sunkuyau ya je daidai wurin ya caka sandarsa. Ta shige. Ya matsa kaɗan ya sake cakawa, ta daki abu mai tauri. Ya share yashin da ƙafa, sai ga bakin tsohon bulo a lanƙwashe.

"Au, rijiyar!" in ji Mai Lambu. "Tsohuwar rijiyar gidanmu ce. Nan ai gida ne da, kafin in mai da shi lambu. An cike ta tun zuwan famfo, ya fi shekara ashirin da biyar. Wallahi na manta da ita."

"Kai ka manta. Ƙafarka ba ta manta ba."

Ya nuna masa sawun ɓarawon. Wajen shiga ya biyo tsakiyar hanya sak, da ya zo wurin sai ya yi wani babban zagaye ta hagu, har ya kusa taka dashe, takunsa ya gajarce, yatsu sun kama ƙasa. Wajen fita, da tukunya a ƙirji, ya sake yin zagayen, a kan yashin da babu ko tsinke.

Mai Lambu ya zaro ido. "Baba, ba dai ni kake zargi ba?"

"Na zarge ka na minti ɗaya, har da daƙiƙa kaɗan. Amma kai gocewar sabo kake yi, taku ɗaya. Wannan tsoro ne. Ka kawo manjagara ka share hanyar nan tas. Ka samo mini tukunya mai ganye da yawa, wadda in mutum ya rungume ta ba zai ga ƙafarsa ba. Kuma kada ka yi wa kowa zancen rijiya."

*

Da rana ta yi sanyi, bakin lambu ya fi na safe cika. Direba ya zo da baƙin mansa. Mai Agogo ya zo ya tsaya gefe shi kaɗai. Gwaggo ta zo da sabon kwaɗo a hannu. Hedimasta ya zo tare da matarsa, mace mai fara'a da kowa ke kira Anti, wadda ta ce ba za a yi wannan kallo babu ita ba.

"Abu mai sauƙi ne," in ji Sunkuyau. "Kowa zai rungumi tukunyar nan daga ƙarshe ya kawo ta ƙofa. Ina son ganin sawu ne kawai."

Direba ya fara. Ya taho kamar an saki birki, miƙe, ya dire tukunyar ya ce a ba shi lada. Aka share. Mai Agogo ya ɗauka, yana tafe yana ba shukar haƙuri, ya ratsa tsakiyar hanya bai goce ba. Aka share.

"Gwaggo, saura ke."

"Ni? Ni da na gano sawun?"

"Shi ya sa. A wanke ki gaban jama'a."

Ta ɗauka tana mita, ganye na shiga mata baki, ta iso tana haki, aka yi mata tafi. Ita ma miƙe ta zo.

Sunkuyau ya sosa ƙeya kamar wanda dabara ta ƙare masa. "Kai, duk sun taka mini a hargitse. Malam, taimaka. Kai ne mai tafiya da tsari, ka yi mana ɗaya in sami abin aunawa."

Hedimasta ya dubi takalminsa sau-ciki mai sheƙi, ƙafa biyu iri ɗaya, ya ɗan saki fuska. Sunkuyau ya bi da shi ta bayan dashe zuwa ƙarshe, ya ɗora masa tukunyar. Ya taho a natse, taku daidai da taku, kamar yana duba layin ɗalibai. Goma, sha biyu, sha huɗu. Sai ƙafafun suka gajarce, suka yi hagu, suka yi wani babban zagaye har gefen wandonsa ya shafi dashe, sannan suka koma tsakiya. Ya iso ƙofa ya ajiye tukunyar, ya kaɗe riga.

"Ga shi. Ina fata ya wadatar."

Ba wanda ya gane komai sai Mai Lambu, wanda bakinsa ya buɗe ya ƙi rufuwa.

"Yaya," ya ce a hankali, "rijiyar."

Hedimasta ya waiwaya. Ga sawunsa kwance a kan yashi, miƙe kamar an ja da rula, sai wannan ƙaton lanƙwasa a tsakiya, a kewaye da babu komai.

Sunkuyau ya ce, "Sawun safe haka ya yi, shiga da fita. A nan akwai rijiya da, an cike ta kafin Direba da Mai Agogo su san layin nan. Wanda ya ɗauki lemon ya san ta, kuma yana tsoronta. Malam, ka taɓa faɗawa?"

Hedimasta ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Ina shekara bakwai. Da guga aka fito da ni."

Sai Anti ta dafe ƙirji. "Tsaya! Malam, shi ya sa na ga silifana na hagu duk laka da safe? Na tambaye ka, ka ce wataƙila kyanwa ce!"

"Ban kunna fitila ba ne, don kada in tashe ki. Kuma ban sa tabarau ba."

"Kyanwa mai sa silifa! Kuma shi ya sa ka kulle banɗakin baya ka ce famfo ya lalace?"

Dariya ta ɓarke. Direba har da zama a ƙasa. Mai shayi, da ya baro tukunyarsa a wuta, ya riƙe shinge yana share hawaye. Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Mai Lambu da yayansa.

"Don me, Yaya?"

"Gobe za a ɗauke shi a kai shi bakin otal, baƙi su riƙa kashe sigari a tukunyarsa. Shi kaɗai ya rage daga abin da Inna ta shuka da hannunta. Na yi niyyar yi maka magana, sau uku ina zuwa. Amma kai ka yi wahalarsa, ni ko ruwa ban taɓa ba shi ba. Da wane baki zan ce kada ka sayar? Na ce in ɓoye shi kwana biyu har mai otal ya haƙura." Ya juya wajen Mai Agogo, muryarsa ta sauka. "Wannan duk mai sauƙi ne. Babban laifin, na tsaya a nan da safe ana kiranka ɓarawo, na san gaskiya, na ɓuya a bayan nahawu. Ka yafe mini."

Mai Agogo ya matso gabansa.

"Na ji an ce ka kare ni da ma'anar kalma," ya ce. "Ma'anar ta yi kyau, amma da Baba bai zo ba, da a titi zan kwana da ita. Na yafe, da sharaɗi. Ka dawo da shi yanzu, da hannunka, ta tsakiyar layi, rana na kallo."

"Ya yi daidai," in ji Hedimasta.

Gwaggo ta tura sabon kwaɗon cikin jaka a hankali. "Ni dama na ce a bincika."

"Gwaggo!" in ji mutum wajen goma.

"To, na ji! Ɗana, ka yi haƙuri. Gobe zan sa a gyara maka tagar nan da kake ta magana."

"Shekara uku ke nan."

"Na ce gobe!"

*

Haka layin ya ga abin da bai taɓa gani ba: Hedimasta rungume da tukunyar lemo, ganye mai ratsin fari ya rufe masa fuska, Anti a gaba tana faɗa masa inda kwata take, jama'a a baya. Tsoffin ɗalibansa da ke shaguna suka fito suna cewa, "Sannu da aiki, Malam!" yana amsawa daga cikin ganye. Sunkuyau yana can ƙarshe, kai a ƙasa, yana murmushi shi kaɗai.

Da aka dire tukunyar a mazauninta, Hedimasta ya zauna a kan bokiti yana mai da numfashi. Mai Lambu ya duba lemon ganye-ganye, bai ga ko ƙwarzane ba. An ma ba shi ruwa.

"Taso, Yaya. Zo ka ga wani abu."

Ya ja shi bayan rumfar taki, inda ba mai zuwa. A inuwa, ƙarƙashin raga, ga ƙananan tukwane uku, kowace da ɗan dashe mai tsawon hannu, an naɗe wurin auren da leda. Sababbin ganyen da suka tsiro duk da ratsin fari.

"Kana tsammani zan sayar da na Inna ban bar iri ba? Tun bara nake gwadawa, takwas suka mutu, ukun nan suka kama. Ɗaya nawa, ɗaya na babbar yayarmu in ta zo. Jira nake su ƙara ƙwari in kawo maka naka har gida."

Hedimasta ya tsugunna, gwiwar wandonsa a cikin laka. A jikin tukunyar tsakiya an soka ɗan katako, an rubuta da fenti, rubutun mutumin da ya bar makaranta a aji huɗu ya kama lambu: NA YAYA HEDIMASATA. Harafin N ma ya juya baya.

Hannun Hedimasta ya tafi aljihun gaba da kansa, ya zaro jan biro. Ya cire murfin. Ya dubi katakon, ya dubi ƙanensa da ke tsaye yana murza hannu a jikin riga.

"Akwai kuskure ko, Yaya?"

Hedimasta ya mayar da murfin, ya soka biron a aljihu.

"Babu," ya ce. "Sau nawa ake ba shi ruwa?"